Taku Arba'in

Ilango, ajiye wayar nan, ka zo.
Na ji ka jiya a shagon shayi na Vadapalani
kana ƙorafin kuɗin ƙungiya,
wai rufi ɗari uku a wata, na mene ne?
Miƙo hannunka mu gaisa.
Ka ƙirga abin da ka kama.
Uku.

Sauran biyun suna bakin wani kogi, kudu da Madurai,
shekara talatin da ɗaya ke nan.
Gadar katako ce za mu tarwatsa bayan jarumi ya tsallake.
Rana ta yi ja, darakta ya fi ta ja,
ya ce a ƙara albarushi, a matso da kyamara,
haske na tafiya.
Na san da muguwar rawa gara ƙin tashi,
amma a bayana akwai mutum goma
masu jiran in ce a'a su karɓi jakata.
Na tashi. Na taka.

Kaliappan ne ke riƙe da batir.
Tun ranar bai sake jin muryar 'yarsa ba,
leɓenta kawai yake karantawa.
Ni kuwa aka ba ni ambulan da sabuwar riga,
aka ce Allah ya sawwaƙe,
da safe wani ya ɗauki jakar.

Fim ya fito. Na shiga silima da hannu a naɗe.
Da gadar ta tashi, zaure ya ɗauki tafi da fito,
har wani ya watsa furanni a jikin allo.
Na zauna har sunaye suka gama hawa.
Akwai sunan mai dafa abinci.

Mu ne masu ruwan sama ba hadari,
masu jinin da ake wankewa da sabulu,
gilashin sukari, harsashin da ba ya kisa.
Komai namu ƙarya ne, yaro,
wutar ce kaɗai ba ta san wasa ake yi ba.

Ofishin ƙungiya ka gan shi, ba abin nunawa ba ne:
ɗaki ɗaya a saman shagon tela,
fanka mai kukan tsohuwar akuya,
da Vasuki a bayan babban littafinta
tana rubuta wa ya ƙone, ina, da nawa aka biya.
Taronmu hayaniya ne.
Bara an kusa dambe kan kujerar sakatare,
shayin ma kullum ya huce.
Ban ce maka waliyyai ba ne.

Amma watan jiya, a wancan fili na bayan gari,
wani matashin darakta mai baƙin tabarau
ya ce motar ta fashe taku ashirin daga mutane.
Na ce arba'in.
Ya ce zai kira wani.
Na ba shi wayata da kaina.
Ya kira Arumugam, ya ce arba'in.
Ya kira Basheer na Royapettah, ya ce arba'in,
da motar kashe gobara, da likita a zaune.
Ya kira na huɗu, sai ya ji shiru,
don Kaliappan ya kira, 'yarsa ta ɗauka,
ta ce: Baba ya ce in gaya maka arba'in.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
to ina ga mai yatsa uku?

Kuɗinka su suka sayi na'urar kunnen da Kaliappan ya ƙi sawa,
su ke biyan makarantar yaran Ponnusamy,
su suka ɗauko malamin da ya koya maka
kada ka haɗa waya da batir a aljihu ɗaya.
Ni ba wanda ya koya mini. Gada ce ta koya mini.

Je ka biya Vasuki kafin ta rufe.
In ka dawo ka fara daga tayar motar,
ka yi tafiya, kana ƙirgawa da ƙarfi in ji.
Kada ka rage taku don ƙafarka doguwa ce.